Sarkin Bakan Springfield

A cikin dukkan 'yan arewacin Nijeriya da Allah ya jefo kewayen birnin Washington a shekarun tamanin, babu wanda ya fahimci Amurka kamar Mista Gregory Kambai. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba sau ɗaya ba. Sauran mutane karatu ya kawo su, ko neman abinci. Shi kuwa ya zo ne ya taimaka wa Amurkawa su gane ƙasarsu.

Haifaffen wani ƙauye ne a gindin dutsen Kagoro, amma ya daɗe da yafe wa ƙauyen wannan kuskure. Idan aka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga, ya rage murya ya ce, "Muna tare da gwamnatin tarayya." Ba ƙarya ya yi ba. Kullum yana cikin manyan ofisoshin nan na kudu maso yammacin Washington, a durƙushe gaban injin fotokofi, hannu dumu-dumu da tawada, yana zaro takardar da ta maƙale. Kamfanin da ke gyaran injinan ne ya ɗauke shi aiki. To, amma mutumin da yake taɓa takardun gwamnati tun suna da ɗumi, wa zai ce ba ya cikin gwamnati?

Ranar da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, bai wuce gida kai tsaye ba. Ya biya kanti ya sayi hular kaboyi da bel mai kan gaggafa. Ya kuma sayi ɗan littafin tsarin mulki, ya buɗe shi, Allah ya nufa idonsa ya faɗa kan kwaskwarima ta biyu, wadda ta yi maganar 'yancin riƙe makami. Ya haddace ta. Sauran kwaskwarimar ya bar wa lauyoyi, domin babban mutum ba ya cinye komai shi kaɗai.

Ba a jima ba wani abokin aikinsa ya gaya masa cewa mutum yana iya samun lasisin sayar da bindiga ko da ba shi da shago, a gidansa ma ya isa. Kambai ya nema, aka ba shi. Ya sa lasisin a firam mai ruwan zinari, ya sauke hoton aurensu daga bangon falo, ya rataye shi a gurbin. Daga ranar ya zama Dillalin Tarayya. 'Yan cocinsu, mutanen Kaduna da Filato da ke taruwa ran Lahadi a wani ɗakin taro na haya, suka naɗa shi Sarkin Bakan Springfield, garin da yake zaune. Da wasa suka faɗa. Shi bai ji wasan ba, sarautar kawai ya ji, ya karɓe ta hannu bibbiyu.

Hedkwatar kasuwancin tana ɗakin ƙasa na gidansa, tsakanin injin wanki da tukunyar ɗumama gida. Kayan shago kuwa bindigar farauta ce guda mai baki biyu, da libarba biyu, da kwalayen harsashi. Ya kwashe tangaran ɗin matarsa daga kabad mai gilashi, ya jera su ciki a kan jan ƙyalle, ya kulle da irin ɗan kwaɗon da ake sa wa akwatin tafiya.

Matar tasa, Atine, nas ce a sashen gaggawa na wani asibiti a cikin birni. A shekarun nan babu makon da ba a turo mata samari a kan gado mai taya ba, jini na ɗiga, uwayensu na bin su a guje ba takalmi. Ta sauko ta tsaya ta dubi kabad ɗin, ta dubi kwaɗon.

"Baban Irene," ta ce, "in dai ba za ka fitar da su ba, ka sayi akwatin ƙarfe. Akwai yarinya a gidan nan."

"Maman Irene, ke fannin lafiya kika karanta," in ji shi cikin tausayi. "Wannan fannin ciniki ne da tsarin mulki. Wa ya taɓa sayen abin da bai gani ba?"

Gaskiyarsa, ganin ma an yi ta yi. Duk baƙon da ya shigo gidan, ko gaisuwar rashin lafiya ya zo, sai an gangara da shi ƙasa ya yi ziyara. Saye ne dai ba a yi ba. 'Yan uwansa masu aikin jinya da ɗalibai da direbobin tasi suka yi ta yaba kayan suna ja da baya. Kambai bai damu ba. Ya ce kasuwar makamai ba ta tumatir ba ce, ana gina ta ne a hankali.

Aka wayi gari babu taron da ya tsira. A bikin suna ya yi bayanin 'yancin riƙe makami. A taron godiyar girbi ya yi. Ranar da aka ba shi addu'ar rufe sujada, ya faro daga takobin manzo Bitrus ya ɓullo ta majalisar dokokin Amurka, shinkafar zumuntar mata ta huce a cikin kuloli.

"'Yan'uwa," yakan ce, yatsa a sama, "ku har yanzu baƙi ne a zuciya. Mutum ba ya cika mutum a ƙasar nan sai ya san nauyin ƙarfe a ƙugunsa. Ni da kuke gani, ko shugaban ƙasa ba shi da ikon ya tambaye ni abin da ke cikin gidana."

Wani abokinsa, Davou, mai haɗa magunguna a wani kanti a Beltsville, ya gaji da jin labari, ya matsa masa su je filin koyon harbi su ga aikin sarki da idonsu. Suka je wata Asabar. Kambai ya tsaya ya ware ƙafafu irin na fim, ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya don saiti. Da lokacin jan kunama ya yi, sai ya rufe ɗayan ma, don adalci. Bindiga ta tashi. Hular kaboyi ta yi nata wuri, shi ma ya yi nasa. Takardar da aka kafa masa ya harba ta dawo fes, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. A mota ya bayyana wa Davou cewa harsasan bana an cika musu albarushi, kuma ma dillali na ƙwarai ba ya cin hajarsa. Bai sake komawa ba. Ilimi ya riga ya samu.

Ana nan sai babbar dama ta zo. Wata kansila a majalisar gunduma, dattijuwa mai suna Olive Prentiss, tsohuwar malamar makaranta, ta kawo shawarar a tilasta wa duk mai sayar da bindiga, a shago yake ko a gida, ya ajiye kayansa a akwatin ƙarfe, ya sa ƙararrawar ɓarayi, ya kuma kafa kyamara mai ɗaukar duk wanda ya shiga ya fita. Aka sa ranar jin ra'ayin jama'a. Aka ce tashar talabijin ta gunduma za ta nuna zaman.

Kalmar talabijin ce ta shiga kunnen Kambai ta zauna. Mutumin da zai je yaƙi da kyamara ya kwana uku yana shawarar rigar da za ta fi fitowa a cikinta. A ƙarshe ya haɗa nahiyoyi biyu: babbar riga mai aiki har ƙasa, hular kaboyi a sama. Ya yi wa duk wanda ya sani waya, har da ma'aikatan sashen Hausa na gidan rediyo, ya ce su shirya, tarihi zai faru.

A zauren akwai masu shagunan bindiga na gaske, waɗanda suka gaji sana'ar. Suka yi magana a taƙaice. Wani ya ce kuɗin kyamara zai karya ƙananan 'yan kasuwa. Wani ya ce mai gaskiya da ya zo sayen bindigar farauta bai kamata a ajiye hotonsa kamar ɓarawo ba. Magana ce da mai hankali zai iya saurara, kansilolin ma suna ta rubutu. Sai aka kira Mista Kambai.

Al'ada ce mai magana ya faɗi sunansa da inda yake zaune. Kambai ya faɗi suna, ya faɗi lambar gida da titi. Da yake shi mai kyauta ne, ya ƙara da kwatance: in an bar babban titi a yi dama, gida mai koriyar ƙofa, akwai tuta a gaba. Sannan ya juya wa kansiloli gefe, ya fuskanci kyamara, ya saki Turanci.

"Ni, Gregory Kambai, Dillalin Tarayya, ina da rumbun makamai a ƙarƙashin gidana! Ba ni da kyamara. Ba ni da ƙararrawa. Ba ni da akwatin ƙarfe, kuma ba zan saya ba. Gilashi ne kawai tsakanin makamaina da duniya, domin ni ɗan ƙasa ne mai 'yanci! Ko ranar Lahadi da nake tafiya sujada da iyalina tun safe har la'asar, wa yake gadin gidana? Sunana! Idon gwamnati ba zai shiga ɗakina ba. Wanda ya isa, ya zo!"

Masu shagunan suka sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu ya rufe fuska da hula. Kambai ya ɗauka kuka yake yi don jin daɗi, ya dafa kafaɗarsa a kan hanyar komawa kujera.

Tashar gunduma ba ta da shirye-shirye da yawa, saboda haka ta yi ta maimaita zaman safe da yamma. Kambai ya ɗauka a kaset. Ya sa 'yarsa Irene ta zauna ta kalla, ya tambaye ta da Hausa ko ta ga babanta. Ta amsa da Turanci cewa 'yan ajinsu ma sun gani, ta tashi ta shige ɗaki. Atine ta kalla sau ɗaya, a tsaye, da kayan aiki a jikinta.

"Ka gaya wa duk garin ranar da ba ma gida," ta ce.

"Na gaya wa duk garin ko ni wane ne," in ji shi.

Ashe cikin masu kallon akwai waɗanda suka ɗauki jawabin da muhimmanci fiye da kansiloli. An gayyace su a bainar jama'a, kuma su mutane ne masu amsa gayyata. Lahadi ta biyu bayan jawabin, iyalin Kambai suka dawo daga coci suka tarar da tagar ɗakin ƙasa a fashe. Kabad ɗin ma an fasa gilashinsa. Kwaɗon yana nan a kulle, lafiyarsa ƙalau, bai ci amanar kowa ba. Jan ƙyallen kawai aka bari.

Kambai ya tsaya a tsakiyar ɗakin, bakinsa a buɗe. Abin da ya fara zuwa masa shi ne mamakin rashin kunyar mutane: wato sun ji sunan, amma suka shigo. Daga nan sai ya zauna a kan kwandon wanki. Atine ce ta kira 'yan sanda.

Ɗan sandan da ya zo, wani dogo mai sanyin magana, ya duba taga, ya duba kabad, ya ciro alƙalami.

"Akwai kyamara a gidan?"

"Babu."

"Ƙararrawa fa?"

"Ofisa, ba wannan ne muhimmi ba."

"Wa ya san akwai bindigogi a nan, ya kuma san ba kwa gida yau?"

Kambai ya shiga nazarin silin. Ɗan sandan ya ɗago ya ƙare masa kallo, ya dubi hular da ke rataye a ƙusa, sai ya ce, "Au, kai ne." Bai ƙara tambaya a kan wannan ba.

Nan fa Sarkin Baka ya farfaɗo, ya tuna shi mai biyan haraji ne. Ya bi ɗan sandan har mota yana faɗa. Ina hukuma take? Yaya za a yi a shiga gidan mutum da rana tsaka a ce babu wanda ya gani? Wace irin ƙasa ce wannan da ba a sa ido a kan komai? Ya bi maƙwabta gida gida yana tuhumarsu da rashin kula da abin da ke faruwa a gidan wani. Wata tsohuwa da gidanta ke kallon nasa ta gaya masa ta ga wata mota ta tsaya, amma ta tuna ya ce ba ya son a sa masa ido, sai ta saki labulenta.

Jami'in hukumar da ke ba da lasisi ya zo daga baya, ya yi tambayoyinsa cikin ladabi, ya dubi kwaɗon ya daɗe. Bayan tafiyarsa Kambai ya mayar da lasisin. Ya sanar a coci cewa ya yi ritaya daga harkar makamai domin ya ba matasa dama.

A gida kuwa babu wanda ya yi dariya. Atine ta daina yi masa gardama, abin da ya ɗauka nasara ce. Takan dawo daga aiki ta zauna a kicin ba ta cire takalmi ba. Wata rana da safe, yana shan shayi yana bayanin yadda 'yan sanda suka gaza, ta katse shi.

"Baban Irene, ka san abin da nake yi yanzu? Duk yaron da aka kawo mana da harbi, sai na tsaya na ji wace irin bindiga ce. Da can aikina kawai nake yi. Yanzu ina wanke jinin ɗan mutane ina tambayar kaina ko daga gidana ta fito."

Kambai ya juya cokali a kofi. Maganar ta shige shi, kuma da ya bar ta ta zauna, wataƙila da ya zama mutum a safiyar nan. Amma ya kora ta da shayi, ya ce ai bindiga ba ta harbi da kanta.

Kafin sanyi ya shigo aka sami ɗaya daga cikin libarban. Wani saurayi ne ya shiga da ita gidan mai, ya harbi mai karɓar kuɗi a kafaɗa. Mutumin ya rayu, amma hannun bai koma daidai ba. Kyamarar gidan man ce ta nuna fuskar ɓarawon, aka kama shi, lambar bindigar kuma ta kai 'yan sanda ga koriyar ƙofa. Sauran biyun ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Davou ya zo jaje, ya rasa ta inda zai fara. Kambai ya taimake shi.

"Ka dai ji ta tashi ko?" ya ce. "Masu cewa kayana na ado ne, yanzu sai su yi bayani."

Davou ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ɗauki makullin motarsa, ya yi wa Atine sallama ita kaɗai.

Da aka sa ranar ƙuri'a a kan shawarar kansila Olive, Kambai ya ce dole ya je, domin ba a yanke hukunci a fanni ba tare da masana ba. Atine ta bi shi, ba don rakiya ba. Ita da wasu ma'aikatan jinya ne suka zo goyon bayan dokar, ta zauna cikinsu a ɗaya ɓangaren. Masu shagunan bindiga da suka hango babbar riga ta shigo, sai kowa ya ɗora jaka ko kwat a kujerar da ke kusa da shi. Sarki ya zauna a layin gaba shi kaɗai, kamar yadda ya dace da sarki.

Kansila Olive ta tashi, ta sa tabarau. Ta ce a watannin baya ba ta da ƙuri'un da za su ishe ta, ta ma fara tunanin janye shawarar, domin masu shaguna sun kawo hujjoji masu nauyi. Sai wani dillali ya zo zauren nan ya yi jawabi. Ta ba da labarin jawabin, da fashin da ya biyo baya, da mutumin gidan mai da yanzu matarsa ce take ɗaura masa igiyar takalmi. 

"Duk abin da na faɗa a shekara guda bai yi aikin da wannan mutum ya yi a jawabi ɗaya ba," in ji ta. "Ba zan ambaci sunansa ba. Yana da iyali, kuma ina jin kunyar da ya sha ta ishe shi."

Kambai ya ji kamar an mare shi. A zauren da ya girgiza, a gaban kyamarar da ta san shi, a yi maganar aikinsa a ce wani dillali? Wani? Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga babu mai niyyar gyara wannan zalunci. Daga can Atine ta hango kafaɗunsa suna motsi, ta girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da ido. Bai gani ba, kyamara yake nema.

Ya miƙe, ya tattara hannun riga ya saɓa a kafaɗa, ya cire hula ya ɗaga ta sama.

"Ranki ya daɗe, a gyara rubutu," ya ce da ƙarfi. "Ni ne! Gregory Kambai. Da K ake farawa."

Magatakardar majalisa ta dubi kansila, kansila ta ɗaga kafaɗa. Aka rubuta. Ya tsaya ya jira tafi. Shugaban zaman ya ce masa ya zauna, yana tare wa mutane gaba.